Kwalbar Maman Lawali

Injin tafasa kayan tiyata ya sake ƙonewa, Abdulmutallib ya jefar da sukurdireba.

Da ya dawo Maraɗi daga Yamai da difilom ɗinsa na gyaran na'urorin asibiti, ya zo da tsari: a duba kowace na'ura kafin ta lalace. A goge, a sa mai, a gwada. Darajar kuɗin sefa ta faɗi, kayan gyara ba sa zuwa, kuma yajin aiki ya ƙi ƙarewa. Wa ya saurare shi? Sashen tiyata suka sa mai suna Malam Rigakafi. A ɗakin gwajin jini ya tarar ana ɗumama shayi a kan inji.

Direktan asibitin ya gaji da shi. "Nuna mini inda tsarinka ya yi aiki, ko in mai da kai wajen janareto."

Wuri guda ya rage: sashen haihuwa. Tun ranar da aka kawo kwalbar ɗumama jarirai bakwaini, ya ja kunnen Maman Lawali, babbar ungozoma: "In ta lalace babu wata. A kiyaye ta."

"Ɗana, ka bar mini."

Ta kuwa riƙe amana. Duk Litinin da safe yake zagayensa, lokacin da aka saba ɗauke wuta, sai ya duba da ido. Ba ƙura, ba tsaga, ba ko ɗigon nono. Har mayafi mai ado ta saƙa mata, ta ba ta kusurwa kamar jeren amarya.

Ranar Laraba ya ja direkta can, akwai wuta. Suka tsallake matan garuruwan Jiratawa da Tsibiri da ke zaune a baranda, wasunsu da ɗan jariri kamar tafin hannu ɗaure a ƙirji. Abdulmutallib ya yaye mayafin.

"Shekara guda, ranka ya daɗe, ko sau ɗaya ba ta tsaya ba!"

Direkta ya shafa gilashin, ya jinjina kai. "Madalla. Maman Lawali, kunna mu gani."

Ta dubi direkta, ta dubi Abdulmutallib, ta dafe ƙirji.

"Kunnawa kuma? Ɗana, ai cewa ka yi a kiyaye ta. Wallahi tun da ta zo ban bar kowa ya sa jariri a ciki ba."