Hoton da Ya Yi Dishi-dishi

Ruwan farko ya sauka a dajin Falgore, furanni sun buɗe. Badiyya ta durƙusa da kyamararta tana saita wani malam-buɗe-littafi. Mudi, ma'aikacin dajin da ke raka ta, ya san dokarta: ba a magana in tana ɗaukar hoto. Amma yau ne zuwanta na ƙarshe, Babanta ya hana ta yawon daji.

Mudi ya sunkuyar da kai ya ce, "Badiyya, in kin amince, kawuna zai je gaida Baba ranar Juma'a."

Ta danna kyamarar ba ta waiwayo ba, sannan ta miƙa masa. Hoton ya yi dishi-dishi.

Ta ce, "Shekara uku hannuna bai taɓa rawa ba. Ka ce ya zo bayan La'asar."