Mayyar da Ta Ramar da Ɗan Azumi

Turai ta tarar da Ɗan Azumi a bakin tafki yana wanke hauya. Ta tsaya nesa, ta kasa kallon idonsa, sai kambun da ke hannunsa. Bara, lokacin da yake zaman awon gyaɗa a kantin Nasara da tumbinsa a gaba, kambun nan nutsewa yake cikin damtse. Yau ya zamo har gwiwar hannu.

"Innarka ta zo gidanmu," ta ce. "Wai ni na ramar da kai. Wai mayya ce ni, na kama kurwarka."

Ya miƙe a hankali. "Babanki ya ce ba ya ba da ɗiya ga mai haki kafin ya kai ƙarshen kunya a gona. Damina guda na yi ina noma. Kitse ne ya bi zufa, Turai. Lafiyata lau."

"Ni na sani. Gari bai sani ba. Yau a rijiya mata janye 'ya'yansu suka yi da suka gan ni."

Turai ta san tun da aka haifi Ɗan Azumi bai taɓa musa wa uwarsa magana ba.

"In ba ka iya faɗa mata gaban mutane, kada ka ƙara tsayawa ƙofarmu."

Ya daɗe yana duban tafin hannunsa, duk ya yi kanta saboda noma. Can ya saɓa hauyar.

"Biyo ni. Ga mayyar nan a kafaɗata, za ni kai wa Inna ita."