Nonon da Take Zubarwa

Nas ta shigo ta tarar da mai jegon tana tuttular da nonon da ta tatsa a wurin wanke hannu.

"Baiwar Allah, me kike yi haka?"

"Zubarwa nake. Jikina duk ciwo ne, sai in aika wa jaririna guba?"

Tun da wani tari mai yaɗuwa ya sa aka keɓe ta a ɗakin asibitin, ba ta ƙara ganin ɗanta ba sai a waya, a hannun kakarsa, yana tsotsar yatsa. Kullum ƙirjinta ya cika har ya yi tsami, ta tatse, ta zubar, ta zauna tana kallon bango.

Nas ta gyara takunkumin fuskarta. "Ai jikinki ya gane cutar, ya haɗa sojojin da za su yaƙe ta. Suna cikin nonon nan. In ya sha, su za su tsaya masa."

Mai jegon ta daɗe tana duban ramin wurin wanke hannun da ruwa ya wanke tas.

Da la'asar ta cika kwalba. Nas ta miƙo hannu, amma sai mai jegon ta rungume kwalbar a ƙirji, tana jijjiga ta a hankali.

"Ɗan dakata, Sista. Bari in gaya wa sojojin yadda za su gane ɗana."