Hular da Baba Ya Bari a Ada

Ina jin shekarata tara, ko goma, ranar da Baba ya cika alkawarin da ya yi mini na cin jarrabawa. Ya ɗauke ni a trotro, motar haya, daga unguwarmu Maamobi zuwa garin Ada, in ga inda kogin Volta ya haɗu da teku.

Daga nesa wurin gwanin kyau. Amma da kwalekwalen da muka shiga ya matsa kusa, sai ya fara tsalle, ruwa ya shigo ya jiƙa mini takalmi. Na fashe da kuka.

"Uwata, kar ki duba ruwa," in ji Baba. "Duba hulata."

Farar hula ce mai shuɗin zare, ta zuwa Juma'a. Na kafa mata ido. Sai iska ta fizge ta, ta jefa daidai inda ruwan biyu ke dambe.

"Alhaji, mu bi ta?" mai kwalekwale ya tambaya yana dariya.

"Mu bi wa? Juya da mu, don Allah!" Baba ya matse hannuna har ya yi zafi. "To, duba sanƙona. Shi ba ya zuwa ko'ina."

Sanƙon na kalla, gumi na gangarowa a kansa, har muka taka yashi.

Ban taɓa tambayarsa ba, don haka ba zan rantse ba, amma ina zaton Baba bai iya iyo ba. Har yau idan gabana ya faɗi, a layin asibiti ko wajen neman aiki, sanƙon nan nake nema in kalla.