Butum-butumi da Cin Abinci

"Baba, na tsinto muryar Mama daga tsofaffin fayafayai," in ji mai haɗa sauti. "Kai dai ka amsa."

Kashi na ƙarshe ne na wani wasan katun na talabijin, inda butum-butumi zai yi sallama da kumbon da ya yawata da shi sararin samaniya. Baba shi ne muryar butum-butumin. Matarsa ce muryar kumbon, har ta rasu bara.

Ya maƙala abin sauraro a kunne. Muryar matarsa ta yi masa tsiya kamar kullum, ya rama. Sai ga wata magana da ba ta cikin wasan, wadda makirufo ya kama wata rana suna hutu: "Malam, ka ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba," ya ce da muryarsa ta butum-butumi.

Ba a yanke wurin ba. Ranar da aka nuna, yana falo shi kaɗai ya jiyo yaran maƙwabta sun kwashe da dariya: "Butum-butumi da cin abinci!"

Ya kashe talabijin, ya shiga kicin, ya ɗora tukunya.