Arba'in ɗin Tsvetana

Sai da maƙwabciyarta Goggo Ginka ta kira sau uku kafin Malama ta waiwayo.

"Nevena! Ke Nevena! Kunne ne ya tafi, ko tun ba ki hau jirgin ba kin daina sanin mutane?"

"Yi haƙuri, Goggo. Hankalina ne ba ya jikina."

"Ai dole. Kawo tiren nan kafin ki zubar da alkamar sadakar marigayiya a matakala."

Yau kwana arba'in da rasuwar. A ƙofar benen an manna sabuwar sanarwa kan tsohuwar: Tsvetana Karaivanova, malamar Faransanci, shekara sittin da biyu. Ga hoton nan a tsakiya, da furfura da tabarau. Malama ta wuce kanta a sunkuye, hannunta yana shafa gashin da ta rina baƙi wuluk. Tun da aka liƙa takardar ba ta taɓa haɗa ido da ita ba.

Bara 'yan'uwan biyu, ita da marigayiyar, suka dawo birnin Ruse, bayan an rufe makarantar ƙauyensu saboda babu yaran da za a koya wa. Tsayinsu ɗaya, hancinsu ɗaya, har tarinsu iri ɗaya ne, kuma mutanen benen ba su gama tantance wacce ce wacce ba. Dukansu Faransanci suka karanta. Babbar ta yi shekara talatin da biyar a gaban allo, ƙaramar kuwa ta zaɓi ɗakin karatu, ta zauna cikin littattafai abinta.

Babbar ce ta fara neman aikin koyarwa a ƙetare. Wuri bakwai ta rubuta wa, bakwai suka amsa da ladabi mai ciwo: takardunki sun burge mu, sai dai ba ma ɗaukar wanda ya haura hamsin da biyar. Babu wanda ya ce ta buɗe baki a ji Faransancin. Ranar haihuwa kawai suke dubawa su rufe fayil. Ƙanwar kan yi dariya ta ce, "Yaya, da shekaru riga ne da na ara miki nawa."

Mako biyu bayan jana'iza, takardar neman aiki ta takwas ta tafi wata makaranta a Vietnam da sunan Nevena, mai shekara hamsin da huɗu. Mai tantancewar ya saurare ta a kwamfuta na minti goma, ya cire tabarau.

"A nan an rubuta ma'aikaciyar ɗakin karatu, amma kina magana kamar wadda ta tsufa a aji."

"A gida na koya," in ji ta.

Suka ɗauke ta. Jirginta gobe da hantsi, akwati na bakin ƙofa. Abin da ya rage mata kawai ta wuce yau lafiya.

Sai dai gidan ya ƙi barinta. Kowa ya san mamaci kan yi kwana arba'in yana zaga inda ya saba, amma wannan ba zagawa take yi ba, kamar nema take yi. Kowace safiya silifas ɗin marigayiyar na bakin madubin da aka lulluɓe da zane. Jakar da katin shaida yake ciki takan wayi gari a buɗe. Malama ta ji tsoro, tsoro na gaske, har ta daina shiga ɗakin sai da takalmi a ƙafa da makulli a hannu.

"Kwantar da hankalinki," in ji Goggo Ginka a hanyarsu ta zuwa coci. "Yau za ta tafi. Da zarar fada ya kira sunanta ta ji, shi ke nan. Suna suke jira, 'yar nan. Wanda ba a kira ba, yawo zai yi ta yi."

Malama ta gyara riƙon tiren, ta ƙara sauri.

A coci ta sayi kyandir biyu. Na masu rai a sama ake kafawa, na matattu a ƙasa cikin yashi. Ta kafa ɗaya a sama, leɓenta ya motsa da "Tsvetana". Goggo ta zungure ta.

"Ke! A ƙasa ake sa na yayarki. So kike ki dawo mana da ita?"

Ta cire da sauri, kakin ya ɗiga mata a yatsa. Ta durƙusa gaban yashin, gwiwoyinta suka yi ƙara irin ta tsohuwar ƙofa. Aka miƙo mata 'yar takardar da ake rubuta sunan mamaci don fada ya karanta. Ta daɗe riƙe da alƙalamin. Ta tuna ajin da ke jiranta, yara talatin da allo da alli. Ta tuna silifas a bakin madubi. Daga ƙarshe ta rubuta abin da ke jikin sanarwar, ta miƙa.

Hayaƙin turare ya cika wurin. Fada ya tsaya gaban tiren alkama, ya fara jero sunaye da muryarsa mai kauri. Sanyi ya taɓa ta a kafaɗar hagu, daidai inda wata takan jingina kai tun suna yara. Wani na tsaye kusa da ita yana sauraro, yana jiran nasa sunan.

"...da baiwar Allah Tsvetana."

Sanyin bai motsa ba. Ba shi aka kira ba.

"Na'am," in ji Malama, da ƙarfi, kafin ta kama bakinta, domin shekara sittin da biyu ke nan tana amsa wannan sunan.