Fitilar Birki

Karo na huɗu ke nan tsohon direban yana dawo da motarsa garejin. An gyara masa birki, an tayar da fitilar baya da ta shekara a mace, yanzu kuma ta ƙi mutuwa, direbobin hanyar Kwanni sai zaginsa suke yi.

Bakaniken ya sake cusa kai ƙarƙashin sitiyari, bayansa na ciwo. Ya daidaita suwicin fitilar, ya ɗaga abin taka birkin kaɗan, ya danna ya saki. Fitila ta kama, ta mutu, lafiya lau.

"Baba, tada mu zaga tare."

Suka nufi Amarawa. Hanya fetal, amma motar sai jan ciki take yi. Bakaniken ya sunkuya, ya ga ƙafar tsohon a kan birki.

"Mi kaka takawa, Baba? Babu kowa gabanmu."

Tsohon ya gangara gefen titi, ya kashe mota, ya daɗe yana murza idanu.

"Kai kag ga babu kowa," in ji shi a hankali. "Ni tun bara dishi-dishi nika gani, kuma gobe mutum tara za ni ɗauka."